Tagar Baba Mai Makulli

"Miƙo su, Baba," in ji Shugaba. "Ba faɗa muka zo yi ba."

Baba Mai Makulli yana zaune a kan matakala, hularsa a gwiwa, mu kuma mun yi masa zobe kamar an kama ɓarawo a kasuwa. Bai ɗago ya dubi kowa ba. Ya sa hannu a aljihun riga ya ciro wata waya mai ɗauke da makullai uku, ya jujjuya su a tafin hannunsa, sannan ya miƙa. Shugaba ya riga ya buɗe hannu, amma ni tsohon ya miƙo wa.

"Riƙe, Uwar Biyu. Ke ce mai tashi da wuri."

Na karɓa. Har da ɗumin jikinsa a jikin ƙarfen, kuma ban ji komai ba sai daɗin cewa mun yi maganin abin tun bai yi nisa ba. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ni mutum ce mai zargi. Mijina, Allah ya jiƙansa, yakan ce ko sallama aka yi mini sai na leƙa bayanta na ga wanda ya aiko ta.

Gidanmu tsohon bene ne mai hawa uku a tsakiyar birni, ɗakuna ashirin da huɗu, kowane hawa da doguwar baranda da igiyar shanya. Shekara huɗu da suka wuce duk layinmu irinsa ne. Yanzu hagunmu dogon gini na gilashi, damanmu wani, gabanmu kuma ƙaton rami da injin da ke buga ƙarafa cikin ƙasa daga bakwai na safe har rana ta faɗi. Kofi ma rawa yake yi a kan tebur. Mai gidanmu ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa kamfani, kamfani kuma ya aiko mana da wani saurayi mai tsabtar takalmi da muke kira Mai Jaka, yana bi ɗaki-ɗaki da takarda da murmushi.

Lauyan da muka samu ya gaya mana abu ɗaya da muka haddace har yaranmu. Muddin rabin ɗakunan da mutane a ciki ranar da aka zo dubawa, ba za a ba da izinin rushewa ba. Rabi shi ne sha biyu. Mu da muka rage da gaske ɗaki tara ne. Sauran sun sa hannu sun tafi, kamfani ya bi ƙofofinsu da walda. Amma mutum uku da suka tashi ba su mayar da makulli ba, sun damƙa wa Baba a ɓoye, a takarda kuma har yanzu suna nan. Tara na gaske, uku na ƙarya, sha biyu cif. Ko ɗaya ya ragu, mun tashi.

Ni kuwa tashi ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Shara da goge-goge nake yi a hawa na ashirin na ginin da ke hagunmu, ƙarfe shida ake so a ga mutum riƙe da mopa. Inda suke tura mutane, can bayan gari ne, mota uku ake shiga kafin a zo nan. 'Yan biyuna mata suna ajin ƙarshe a makarantar da ke bayan layinmu. In gidan ya faɗi, aikina da karatunsu sun bi shi.

Baba ne yake raya ɗakunan ƙaryar nan. Yana da shago na yankan makulli a bakin titi kafin a faɗaɗa titin a haɗa da shagon, sai ya dawo da injinsa cikin ɗaki, ƙofarsa tana jikin tawa. Kullum da safe yakan bi ɗakunan uku, lamba tara da sha huɗu da ashirin, ya buɗe tagogi, ya shanya tsofaffin kayan da muka tara masa, ya jera takalma a bakin ƙofa, gobe ya sauya musu zama don kada ƙura ta tona asiri. Yakan zuba ruwan kumfa a bakin magudana, ya kunna rediyo a lamba sha huɗu. Har iyalai ya ƙirƙira musu. Wai lamba tara mai gadi ne da matarsa, kuma matar ƙazama ce. Sai ka ji shi a baranda yana yi mata faɗa kan shara, mu muna dariya har da riƙe ciki.

Ni na fara ganin abin da ya ɓata wannan dariyar. Ranar Juma'a na dawo daga aiki da rana, ina hawa matakala sai na ji ƙarar injinsa, wannan siririn kukan da ke shiga haƙori. Ina isowa baranda, ƙofarsa ta buɗe, Mai Jaka ya fito yana hure wani sabon makulli mai sheƙi. Ya ganni, ya yi sauri ya jefa shi a aljihu.

"Sannu da dawowa, Mama," in ji shi.

Na wuce kai tsaye ɗakin Mai Kitso a hawa na ƙasa, wadda in ka gaya mata magana ka gama gaya wa gida duka. Kafin rana ta faɗi kowa ya san Baba ya yanka wa kamfani makulli. Makullin me kuma zai yanka musu in ba na ɗakunanmu uku ba? Su shiga, su ɗauki hoto, su ga babu gado babu tukunya, shi ke nan.

Shi ya sa muka tare shi a matakala ranar Asabar. Shugaba tsohon direban babbar mota ne, mai murya kamar yana magana daga cikin ganga, kuma shi muka zaɓa ya riƙa yi mana magana da lauya. Shi ya yi tambayar.

"Makullin me ka yanka masa?"

"Makulli ya kawo, na yanka."

"Na ina?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina sana'ar nan," in ji Baba a hankali. "Ban taɓa gaya wa wani abin da makullin wani yake buɗewa ba. Kai ma na yanka maka guda biyu shekarun baya, matarka ta tambaye ni, me na ce mata?"

Wasu suka yi dariya, Shugaba ya haɗe rai. Mai Kitso ta ce, "Baba, wannan ba lokacin sirrin sana'a ba ne. Rufin asirinmu ne gaba ɗaya."

"Na sani, 'yar nan."

"To ka rantse mana."

"In rantsuwa kuke so, kun riga kun gama yanke hukunci," in ji shi. Daga nan ne Shugaba ya ce ya miƙo makullan.

Washegari Lahadi da hantsi sai ga mutum biyu da amalanke a ƙofar gida. Suka hau, suka sauko da injin Baba a nannaɗe cikin bargo, suka koma suka ɗauko allon da yake rataye makullai marasa yanka, da akwatin kayan aikinsa. Duk gidan muna kan baranda, kowa ya sami abin yi da hannunsa. Ni tsintsiya na ɗauka ina share inda na riga na share.

Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon amalanken har ya sha kwana.

"Baba, ƙaura ake yi ne?" na ce.

"Injin ne ya ƙaura."

"Kai fa?"

Ya ɗago hannunsa na dama ya nuna mini. Yatsun suna karkarwa. "Hannun nan ya fara yi mini gardama. Jiya cokali ya gagare ni. Inji kuma in ya zauna tsatsa yake yi, gara ya je inda za a yi aiki da shi."

Na ce a raina, tsoho ya iya wasan kwaikwayo. Shekaranjiya hannun ya yanka wa kamfani makulli lafiya lau, yau ya tashi da karkarwa.

"Kin buɗe musu tagogi?" ya tambaye ni.

"Ba ruwanka da su yanzu," na ce, na shige ɗaki na turo ƙofa.

Ranar Litinin da na dawo daga aiki, tagarsa a rufe, babu buta babu takalmi a bakin ƙofa. Na ƙwanƙwasa sau biyu, shiru kake ji, sai dukan injin nan na ramin gabanmu. Ƙofar Baba ita kaɗai ce a gidan ba a sa mata kwaɗo. Ta ƙarfe ce, shi ya dasa mata makullai uku a cikin jikinta, don haka daga waje ba ka gane ko mai ita yana ciki ko yana gari. Na kafa ido a gilashin taga, na kare da hannu biyu. Ta gefen labule na hango tebur babu komai a kai, bango da tabon inda allo yake, gado a shimfiɗe babu kowa.

Na sauka na gaya wa Shugaba.

"Ya gudu," in ji shi, ko mamaki bai yi ba. "Da sassafe ya sulale, kina wurin aiki. Sun ba shi ɗaki a wani wuri. Kin ga amfanin sa ido ke nan."

"Yanzu ya za a yi? Ranar Alhamis za a zo dubawa."

Ya shafa gemu. "In sun karɓi makullinsa da tuni sun turo mai walda. Tunda ba su turo ba, a takarda yana nan. To mu ma a wurinmu yana nan. Yadda ya yi wa ɗakunan nan uku, haka za ki yi wa nasa."

"Ba mu da makullinsa."

"Daga waje za ki yi. Abin da ya fi muhimmanci, kada wani ya leƙa ya ga wayam."

Na yi aikin kuwa, kuma na yi shi da kyau, har ina jin kaina. Na samo tsofaffin silifas na mijina na ajiye a bakin ƙofar, ɗaya a karkace kamar an cire shi da sauri. Na sa buta rabi da ruwa. Sannan na ɗauko babban zanin gadona mai shuɗi, na jiƙa shi, na shanya a igiyar da ke gaban tagarsa, na baza shi sosai ya rufe ta daga sama har ƙasa, na kama shi da maƙalai shida don kada iska ta ɗaga. Mai Kitso ta hawo ta gani ta ce, "Kai, Yaya, ke ma da kin yi sana'ar nan da kin ci abinci." Muka yi dariya, muka zagi tsohon son ranmu a nan bakin ƙofarsa. Na ce mutumin da muka ci da shi muka sha da shi, ashe cikinsa ƙulle yake da makulli uku kamar ƙofarsa.

Talata na sake jiƙa zanin. Ina matse shi na ji wani ɗan sauti, ƙwas, ƙwas, sai ya tsaya. A gidan da komai yake karkarwa tun safe, ƙwas ba labari ba ne. Bututun ruwa yana yi, gilashi yana yi, cokula ma suna yi a cikin kwando. Na gyara zaman silifas na wuce lamba tara.

Laraba da azahar injin ramin ya tsaya. Daga baya na ji wai wani abu ne ya karye a jikinsa. Shirun ya sauko mana kwatsam har kunnena yana ƙara. Ina tsugune a baranda ina wanke-wanke, na ji tattabaru a kan rufi, abin da na manta akwai su. Sai na sake jin shi. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. A hankali, da tazara, ƙarfe a kan ƙarfe, kuma daga bayan zanina yake fitowa.

Na fizge zanin, maƙalai suka watse, na buga gilashin da tafin hannu.

"Baba?"

Sautin ya tsaya, sannan ya dawo da sauri, sau uku a jere.

Ban san lokacin da na sauka matakala ba. Shugaba ya hawo da maza biyu, suka sa kafaɗa, suka sa ƙafa, suka kawo taɓarya. Ƙofar ko gezau. Tagar kuma da sandunan ƙarfe a ciki. Mutum ɗaya ne a layin nan da zai iya buɗe wannan ƙofar ba tare da makulli ba, kuma shi ne a kwance a bayanta.

"Leburorin can suna da injin yankan ƙarfe," na ce.

Shugaba ya riƙe mini hannu. "Tsaya, Uwar Biyu. Mutanen kamfani ne fa. Ki shigo da su yau, gobe ake dubawa? Su bi baranda suna leƙe-leƙe?"

"To kawo makullin."

"Bari mu yi tunani tukuna."

"Kwana uku muna tunani," na ce, na fizge hannuna.

Na tsallaka titi ba takalmi. Babbansu mai farar hular kwano bai tsaya tambayata komai ba, ya ga fuskata kawai ya kira mutum biyu. Allah na tuba, ko a lokacin ina biye da su ina lura da inda idanunsu ke kallo. Ba su kalli ko'ina ba sai ƙofar. Minti goma tartsatsi yana tashi, sannan ta buɗe.

Yana kwance a ƙasa tsakanin gado da bango, lungun da ba a hangowa daga taga. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, leɓɓansa sun tsattsage don ƙishi. Hannun hagunsa yana riƙe da makullan ƙofarsa, da su yake bugun ƙafar gadon, har fentin wurin ya goge. Tun safiyar Litinin yake nan. Bangon da ya jingina kansa da shi, bayansa nan ne barandar da muka tsaya ni da Mai Kitso muna zaginsa, kuma bangon gidanmu ba ya riƙe magana.

Leburorin ne suka sauko da shi a kan ƙyauren da suka yanke, motarsu ce kuma ta kai mu asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Shi kaɗai yake zaune a gidan?" Na ce a'a.

Da yamma aka bar ni na shiga. An sa masa ƙarin ruwa, an goge masa fuska. Na zauna a bakin gadon na ce, "Baba, ni ce. Ka yafe mini." Idonsa ɗaya ya juyo gare ni. Bakinsa ya yi ta motsi, na sunkuya har kunnena ya kusa taɓa shi.

"Lamba... tara."

"Na'am, Baba."

"Tagar. Sai kin... ɗaga ta. Kafin ki tura."

Kwana huɗu ina fama da tagar nan tana maƙalewa, ina barinta rabi a buɗe. Na ce to, na ji, zan ɗaga. Na sake cewa ya yafe mini, amma ya lumshe ido, ban san ko ya ji ba. Kuma Allah ya sani, ina zaune ina hawaye, tambayar nan tana nan a ƙarƙashin harshena: makullin me ka yanka masa? Ban yi ta ba, amma tana nan.

Alhamis ban je aiki ba. Ƙarfe bakwai ina asibiti da ruwan zafi a fulas. Na tarar an cire zanin gadonsa, wata mata tana goge katifar da tsumma. Nas ta ja ni gefe ta ce da asuba ne. Sun sami lambar waya a aljihunsa, ta ɗiyar ƙanwarsa da ke wani gari, ta ce tana hanya, sai bayan azahar za ta iso.

Shugaba yana tsaye a ƙofar gida lokacin da na dawo, ya sa rigarsa ta zuwa ofis. Ya dubi fulas ɗin, ya dubi fuskata, ya cire hula.

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. Sannan ya rage murya. "Wa kika gaya wa?"

"Kai ne na farko."

"Ƙarfe goma za su zo. Awa biyu kawai nake roƙo, Uwar Biyu. In aka tambaye ki, ki ce yana asibiti. Ai yana asibitin."

"Shugaba, ko sanyi bai gama yi ba."

"Na sani. Ni na ce ya gudu, ni na riƙe hannunki jiya. Wannan ni da Allah. Amma in kika buɗe baki, mun zama sha ɗaya. Ki tuna da 'yan biyu."

Ba sai ya tuna mini ba. Na hau sama. Ɗakin yana warin kwanakin da ya yi a ƙasa. Na wanke shi da sabulu sau biyu, na ja gado na rufe inda fentin ya goge. Teburin da injin ya bari fayau na ɗora masa tukunyata da kofi. Na rataye rigarsa a ƙusa, na ajiye tabaransa a kan matashi. Hannuna ya san aikin, bai ko jira ni ba. Mai Kitso ta leƙo tana tambayar jikinsa, na ce da sauƙi, don na san in ta ji, kukanta zai kai har bakin titi.

Jami'ar da aka turo mace ce mai yawan shekaru, da allon rubutu a hannu da alamar ciwon ƙafa. Mai Jaka yana biye da ita. Suka bi hawa-hawa. A lamba sha huɗu rediyo yana magana, Shugaba ya ce mai ɗakin kurma-kurma ne kuma ya fita kasuwa. A lamba tara taga a buɗe take har ƙarshe, kayan mai gadi da na matarsa suna ɗiga a igiya. Ta rubuta. Ta rubuta. Suka iso ƙofar da babu ƙyaure.

"Nan fa me ya faru?"

Shugaba ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. "Wa ke kusa da shi?"

"Ni ce," na ce.

"Ina mai ɗakin?"

"Yana asibiti. Faɗuwa ya yi a ciki, aka yanke ƙofar."

Ta leƙa. Ta ga riga, ta ga tabarau, ta ga kofi. Ta juyo ta dube ni sosai, irin kallon matan da suka yi renon yara da yawa.

"Zai dawo?"

Ina jin numfashin Shugaba a bayana. Na yi zaton maganar za ta tsaya mini a wuya, amma sai ta fito sumul, har da ɗan murmushi.

"Jiya ma yana tambayar gida," na ce. "Ba mutumin da zai zauna a asibiti ba ne."

Ta sa biro ta yi alama. "Sha biyu. Sai nan da wata shida." Ta juya tana dafa bango ta nufi matakala.

Mai Jaka bai bi ta nan da nan ba. Ya tsaya yana kallon cikin ɗakin, ya daɗe a kan tabaran. Sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Mama, in kin je ki gaishe shi. Ki ce makullin ya yi. Akwatin mahaifiyata ne, tun da ta rasu yake rufe, makullinsa na asali ya lanƙwashe. Na kai wa mutum uku suka ce sai an fasa. Shi ya duba kawai ya yanka."

Na kafe shi da ido ina neman inda ƙaryar take. Idonsa ya yi ja kaɗan, amma ƙurar rami tana sa ido ja. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ban kuma san ko ya riga ya ji labarin asubar ba, tunda motar kamfaninsu ce ta kai mu. Ya gyara riƙon jakarsa ya sauka, bai ce wa jami'ar komai ba.

A ƙasa aka kaure da murna. Sai da motarsu ta bar layin Shugaba ya tara mutane a matakala ya gaya musu. Mai Kitso ta zube a wurin. Da ta ɗago ta dube ni, na ga ta tuna abin da muka faɗa a bakin tagar, ni ma ta ga na tuna. Har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Ɗiyar ƙanwarsa ta iso, aka yi abin da ake yi, aka kai shi. Ta ɗauki akwatin takardunsa da hoto ɗaya, ta ce sauran a ba mabukata. Shugaba ya keɓe da ita, ta ce ita ba ruwanta da kamfani, ba za ta je ta gaya wa kowa komai ba. Da yamma ya sa aka mayar da ƙyauren, aka buga masa kwaɗo irin na kowa. Ya hawo da kansa ya kawo mini makullin, ya kasa haɗa ido da ni.

"Sun zama huɗu," in ji shi.

Juma'a na tashi kafin lokacin aiki, gari ya fara haske, injin rami bai farka ba. Na bi sha huɗu, na bi ashirin, na bi tara. Sannan na buɗe kwaɗon na shiga nasa. A bayan ƙofa akwai wata 'yar kalanda da ban lura da ita ba jiya, irin wadda ake yage wa takarda ɗaya kowace safiya. Tana kan Litinin. Mai rai ba ya barin kalanda haka, don haka na yage Litinin, na yage Talata, na yage Laraba, na yage Alhamis. Na tsaya da takardu huɗu a hannu ina neman kwandon shara. Yana nan a gindin tebur. Na ninke su biyu na sa a aljihun rigar aikina, na je na buɗe taga.